Rumbun Abzin: Waiwaye kan Wasu Manyan Abubuwan Tarihin Damargu, 1851–2011

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan tarihin arewacin jahar Zinder

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun wasu abubuwan da suka faru a ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na yau, tun daga ratsawar su Barth a 1851 har zuwa buɗe matatar man fetur a 2011. Da'awarta ita ce, in aka tone kowane ɗayansu, abin da za a tarar a ƙasa shi ne jayayya kan wa ke riƙe da gero, wa kuma ke riƙe da rijiya. An ɗan fi karkata ga arewa, wajen Tenhiya, inda rubutaccen tarihi ya fi ƙaranci.

Gabatarwa



Bari in fara da gyara wani kuskure da nake yawan ji a bakin baƙinmu na kudu, har da masu digiri: Damargu daban, Damagaram daban. Damagaram sarauta ce mai birni da ganuwa da fada, wadda ta kai ganiyarta a zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Damargu kuwa ƙasar jigawa ce da gonakin gero a arewa da ita, kafin a kai duwatsun Abzin, kuma ba ta taɓa samun birni guda da kowa ke kai wa caffa ba. Shi kansa Tanut, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Damagaram bisa hanyar Agadas, barikin Nasara ne ya ɗaukaka shi.

Rashin fada shi ya ja mata rashin marubuta. Inda babu babbar fada babu kundin sarakuna irin na Kano, babu marokan da ke haddace jerin sunaye. Galibin abin da ya rage a takarda na masu wucewa ne, matafiya da sojoji da kumandoji, shi kuwa mai wucewa zango kawai yake gani. Wanda ya fi yi wa ƙasar adalci shi ne Ba'amurken nan Stephen Baier, a littafinsa kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar da ya fito a 1980, domin shi ya zauna ya saurari tsofaffin fatake. André Salifou ma ya taɓo ta a aikinsa kan Damagaram na 1971 da wanda ya yi kan Kawsan a 1973, sai dai a gefe, tunda ba ita ya nufa ba.

Janairun 1851: me ya tsayar da ayarin Annur?

A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku suka gangaro daga Abzin cikin ayarin gishiri na Annur, ɗaya daga manyan Kel Ewe, mai zama a Tintellust. Su ne James Richardson ɗan Ingila, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim. Bayan sun sha wuyar dajin Tegama, a Damargu suka fara ganin rumbuna da karan gero. A Tagelel Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram. Sauran biyun suka ɗan ƙara gaba tare, sannan Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth kuma ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Sun yi alkawarin haɗuwa a Kukawa ta Barno, amma ajali ya riski Richardson a hanya cikin watan Maris.

Littattafan Turai wannan rabuwar suka riƙe a matsayin abin da ya faru a Damargu. Ni abin da ya dame ni shi ne dalilin tsayawar ayarin. Annur bai yada zango don baƙinsa ba. Tagelel ƙauyensa ne, mutanensa ne ke noma a wurin, gida ya sauka.

Ga yadda abin yake tafiya. Abzin dutse ne, lambunansa ba sa iya ciyar da shi. Balma da Fashi gishiri da dabino gare su, ba su da hatsi. Da kaka raƙuma kan tashi daga Abzin ɗauke da gero su keta Tenere, a ba da geron a karɓi kantu da beza da dabino, a komo a huta, sannan a gangaro kudu. A Damargu ake fara kwance kaya. Abin da ya rage na gishiri a wuce da shi Damagaram da Tasawa da Katsina da Kano, inda ake sayo turkuɗin Kura na rawani. Raƙuman su yi rani a gonakin Hausa suna cin kara suna zuba taki, kafin ruwa ya sauka kuma a juya arewa da geron da za a ci a gida da wanda za a kai Balma baɗi. Ashe geron nan shi ne kuɗin sayen gishiri. In Damargu ba ta yi albarka ba, har mutanen Balma da Fashi sai sun ji a jikinsu.

Su wa ke noman? Akwai Dagirawa masu jin Barbarci, waɗanda suke cikin tsofaffin mazauna ƙasar. Akwai Hausawa da suka hauro daga kudu. Akwai kuma bayi da barorin Abzinawa da aka zaunar a ƙauyuka don su cika wa iyayengijinsu rumbu. Wannan na ƙarshe ba abu ne da muke son faɗa a gaban jama'a ba, amma tarihin da ya tsallake shi ya tsallake rabin masu riƙe da hauya. Manomi yana ba da wani kaso na amfaninsa, a madadin haka a tsare shi daga mahara, waɗanda sau da yawa ƴan'uwan masu tsaron ne. Barth ya ambaci Olelewa cikin manyan garuruwan ƙasar, ya kuma ce Kulankarki ce mazaunin wani shugaba mai suna Musa. A riƙe wannan suna, za mu sake karo da shi.

Gashin jimina da tashin Jajiduna

Daga wajen 1870 kwalliyar matan Landan da Paris ta koma kan gashin jimina, sai ga shi abin da ake sawa a hula a Turai ya motsa kasuwa a bakin hamada. Fataken Gadamas da Turabulus, waɗanda da can Kano da Damagaram kawai suke nufa, suka fara zama a Damargu, Jajiduna ta zama matattararsu. Ana farautar jimina a dajin arewa, ana kuma kiwonta a ƙauyuka don a riƙa fige ta. Gashin ya bi ayari zuwa Turabulus tare da jemammun fatun awaki da hauren giwa, a dawo da yadi da sukari da takarda.

A nan zan ɗan ratse, don abin yana da ban dariya. A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda manomanta suka riga suka cika kasuwar duniya da gashin jiminar gona, ta turo tawaga ƙarƙashin Russell Thornton har ƙasar Kano, neman irin jiminar wannan yanki saboda kyawun gashinta. Suka koma da tsuntsayen a 1912. Shekara biyu bayan haka kasuwar ta rushe baki ɗaya, yaƙi ya ɓarke, mata suka daina sa irin hulunan. An sha wuya a banza.

Arzikin gashin jiminar nan ya ƙara tsamin da ke tsakanin ɓangarori biyu na Abzinawa. Kel Ewe su ne masu raƙuman haya, cinsu yana ga ayari ya wuce lafiya. Imuzurag kuwa suna ganin ƙasar tasu ce, duk abin da ya ratsa ta sai ya bar musu rabo. Wannan ɓarakar Faransawa suka tarar.

Tanamari da Farak

A ƙarshen Yulin 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram bayan karon Tirmini. A farkon Nuwamba kuma tawagar Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya, ta ratso Damargu daga Agadas ta iso birnin. Ba a daɗe ba baƙin suka gane cewa wanda ke son Abzin sai ya fara riƙe rumbunsa. Suka raɓi ɓangaren masu ayari. A 1900, a Tanamari, wata ƴar runduna ƙarƙashin Saje Bouthel ta karya Musa, shugaban Imuzurag. Shekara ta zagayo, a 1901, Imuzurag suka faɗa wa wani babban ayari a rijiyar Farak, arewa da Tanut, suka wawashe shi. Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna, wanda daga baya aka mai da shi Tanut.

Rahotannin soja fashi suka kira abin da ya faru a Farak, wasu marubutan bayan ƴancin kai kuma suka ce turjiya ce ga mulkin mallaka. Kowane yana da ƙamshin gaskiya, amma ni ina ganin an manta da wurin da abin ya faru. Me ya sa Farak? Domin tsakanin Damargu da Abzin ruwa ba ya samuwa sai a ƴan wurare sanannu, ayari kuwa dole ya sha. Wanda ya zauna bakin rijiya ba ya bukatar bin kowa, kowa zai zo ya same shi. Abin da Imuzurag suka nuna shi ne, an ƙwace musu gonaki da haraji, amma ba a ƙwace musu sanin inda ruwa yake ba. Faransawa sun ɗauki darasin: manufarsu a arewa ta koma tsaron rijiyoyi da sojan raƙumi.

Shekara shida masu nauyi, 1911–1917

Ban san wasu shekaru da suka sauya ƙasar nan kamar waɗannan ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano. A shekarar kuma Italiya ta kai wa Turabulus hari. Kayan da ke wata da watanni a bayan raƙumi suka koma zuwa ta teku da jirgin ƙasa cikin arha, ayarin Turabulus ya mutu, Jajiduna ta bi shi. Fataken da suka rage suka juya fuska kudu. Ayarin gishiri dai bai mutu ba, domin jirgin ƙasa ba ya zuwa Balma.

Ana cikin haka damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai 1914. A tsarin da, in fari ya yi, Abzinawa kan kwashe mutanensu da dabbobinsu su gangara kudu wajen abokan hulɗa su jira sauƙi. Yanzu ga iyaka tsakanin Faransa da Ingila, ga lanho da ake bi ko an girbe ko ba a girbe ba, ga kamen raƙuma don jigilar bariki. Yaƙin duniya na farko ya ƙara wa kamen tsanani.

Daga cikin wannan ƙunci Kawsan ya fito. Mutumin Ikazkazan ne, a Damargu aka haife shi wajen 1880, abin da ƴan makarantarmu da yawa ba su sani ba, suna ɗaukarsa ɗan Agadas. Ya yi shekaru a gabas da arewa cikin Sanusiyya, ya dawo da bindigogi har da igwa. Tare da Sarkin Abzin Tagama suka tsare barikin Agadas daga Disamban 1916 har zuwa 3 ga Maris 1917, ranar da rundunar da ta taso daga Damagaram ta iso, bayan Ingilishi na Nijeriya sun ba da taimako. Ta Damargu rundunar ta bi. Abin da ya biyo baya kisa ne da kwasar dabbobi da tayar da garuruwa, har Abzin ya kusa zama kango. An rataye Kawsan a Murzuk a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920.

Ga Damargu, sakamakon da ya fi daɗewa shi ne na mutane. Jama'ar Abzin da yawa da aka koro ko suka gudo sun zauna a nan, wasu suka wuce ƙasar Kano. Barori da bayi da dama, ganin iyayengiji sun karye, suka kama gonar kansu. A cikin ƙarnin kuma Fulani Wodaɓe suka yi ta shigowa da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho suna bin ciyawar arewa. Taswirar jama'ar da muke gani yau a Tenhiya da Tarka a lokacin aka fara zana ta. Matafiyan Birtaniya biyu da suka ratsa bayan ƙura ta lafa, Angus Buchanan a 1920 da Francis Rodd a 1922, sun bar bayanin ƙasar a wannan hali, kuma ya kamata a fassara su.

Layin 1961 da rijiyoyin Tenhiya

Wata tara da ƴan kwanaki bayan samun ƴancin kai, a ranar 26 ga Mayu 1961, gwamnatin Diori Hamani ta kafa doka mai lamba 61-5 wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Layin ya ratsa ƙasar Tanut. Arewa da shi wurin kiwo ne, ba a yarda a buɗe sababbin gonaki ba sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa, kuma in dabba ta yi ɓarna a can babu biyan diyya. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba, amma a ganina wannan doka ta fi Tanamari tasiri, domin ta raba abin da tarihi ya haɗa: gero a kudu, dabba a arewa, kamar ba mutum ɗaya ne ke bukatar duka biyun ba.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rijiya a arewacin Tanut cikin watan Afrilu ba zai sha wuyar gane abin da ake jayayya a kai. Tun asuba ake fara ja. An kafa itace mai gwafa a bakin rijiya, igiya na gudu a kansa, an ɗaura bakinta ga raƙumi ko sa ko jakuna. Yaro ya kora su, su yi ta tafiya har su yi nisa, tsawon tafiyarsu shi ne zurfin rijiyar. Babba na tsaye yana jiran wasaki ya ɓullo, ya yi kira, yaro ya juyo, a ɗauki ruwan a juye a komi. Shanu na can an tare su da sanda, ana sako su kaɗan-kaɗan. Haka za a yi har rana ta take, wani garken na jiran layi.

A wannan layin na bakin rijiya doka take. Wanda ya haƙa rijiya shi ke fara shayarwa, sai danginsa, sai baƙo. Ba a hana baƙo ruwa, abin kunya ne, amma mai rijiya ne ke faɗin kwana nawa zai yi. Da rani dabba ba ta iya nisa da ruwa, don haka mai iko da guga shi ne mai iko da ciyawar da ke kewaye, ko da ba shi da takardar fili. Da gwamnati ta shiga gina rijiyoyin siminti da famfunan burtsatse, alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai rijiyar gwamnati ta kowa ce, ba wanda ke da bakin cewa kwananka sun cika. Garkuna suka taru, ciyawar kewaye ta ƙare tun rani bai raba ba. A ɗaya gefen kuma manoma, da ƙasa ta yi musu kaɗan a kudu, suka yi ta haurawa suna ƙetare layin, burtali yana tsukewa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun sake tabbatar da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbarsa, ta 2010 ma ta jaddada layin. A takarda yana nan daram. A ƙasa kuwa, duk wanda ya bi hanyar da damina ya ga gero inda doka ta ce babu shi.

Daga fari zuwa fetur

Sauran zan bi su da sauri, don da yawanku kun gan su da idonku. Farin 1973 zuwa 1974 ya share garkuna, yana kuma cikin dalilan da Seyni Kountché ya kafa a juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Na 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a watan Afrilun shekarar, wadda ba a buɗe ba sai 1986, shi ya sa mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, wanda ke mulkin Nijeriya lokacin da aka rufe ta. Sunan kansa sharhi ne: talaka ya gane cewa rashin ruwa rabin masifar ne, sauran rabin toshe hanyar kudu ne, hanyar da kakanninsa ke bi su tsira. A 2005 fari da fara suka haɗu, mata suka koma ga anza, wadda sai an yi kwanaki ana jiƙa ta ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita.

A ɓangaren mulki, dokar 2002 ta kafa kominoni, aka yi zaɓensu na farko a 2004, Tenhiya ta samu magajin gari da majalisa. A Janairun 2008 ƴan tawayen MNJ suka kai hari Tanut suka tafi da perfe, wato shugaban gundumar. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A watan Nuwamban shekarar kuma aka buɗe matatar SORAZ a ƙasar Olelewa, mai tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. Olelewar nan dai da Barth ya rubuta sunanta shekara 160 kafin nan. Tankoki sun maye gurbin amale a hanyar, amma farashin tiyar gero a kasuwar Tanut shi ne har yau ke faɗa wa makiyayin Tenhiya ko akuya nawa zai sayar kafin ruwa ya sauka.

Roƙo ga wannan zama

Duk shekarun da na ambata daga kalandar Nasara suke. Dattawan arewa da tasu kalandar, kowace shekara da sunanta, na yunwa ko na annobar dabbobi ko na wata rijiya da aka haƙa ko ta rufta, kuma jerin da Bugaje ke riƙe da shi ba lalle ya zo ɗaya da na Wodaɓe ko na Dagirawa ba. Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram su tura ɗalibai su yi rani guda a rijiyoyin Tenhiya da Tarka, da na'urar ɗaukar magana, su tambayi abu uku kawai: wa ya haƙa wannan rijiya, a wace shekara bisa lissafinku, su wa suka sha a nan kafin ku. A ɗauka cikin Tamajak da Fulfulde da Barbarci da Hausa, yadda mai magana ya faɗa, fassara ta biyo baya. Kada a jira kuɗin wata ƙungiyar waje. Waɗanda suka kora garke da hankalinsu a farin 1973, yau sun haura shekara saba'in.